Gashin Bakin Farfesa Ƙamus

Allah ya yi wa layinmu gata da ya ba mu Farfesa Ƙamus. Ba jami'ar da ta ba shi farfesan, shi ya ga ya dace da shi ya ɗauka. Abu biyu yake ji da su a duniya: Turancinsa da gashin bakinsa, wanda yake murzawa kafin ya saki kowace kalma.

Ranar da za a ɗauki hotonsa don allon sabuwar makarantarsa ta koyon Turanci, sai ya biya shagon aski a ɗan gyara masa gashin bakin nan. Yana zama ya ga mutane a benci suna jiran layi. Ai kuwa ya samu ɗalibai kyauta.

"Jama'a, yau zan koya muku kalmar listen," in ji shi. "Ma'anarta saurare. Ba ji kawai ba, a'a! Ji ko akuya tana yi. Wannan kalma sai ka tattara hankalinka ka miƙa wa mai magana."

"Ranka ya daɗe, daina motsa kai," in ji mai aski.

Ina! Farfesa ya yi nisa. Yana jero misalai, kai na kaɗawa. Injin askin ya zame, ya kwashe ɓarin hagu na gashin bakin ƙaf.

"Ranka ya daɗe, an samu matsala. Gefe guda ya tafi. In bar ɗayan ko in kwashe?"

"Abin da ke kashe mutanenmu ke nan, katse babba! Ci gaba da aikinka, malam."

Mai aski ya sake tambaya. Farfesa ya kore shi da hannu kamar ƙuda. Bawan Allah ya ci gaba da aikinsa. 'Yan benci kuwa, tunda suke ba su taɓa nutsuwa a darasi irin na ranar ba.

Da ya kammala, Farfesa ya kai yatsu zai murza, ya ji wayam. Ya dubi madubi, ya ga leɓe fes kamar na jariri.

"Me ya hana ka gaya mini?"

'Yan benci suka amsa baki ɗaya: "Ya gaya maka!"

Allon yana nan a bakin titi har yau. Farfesa ne a jiki, ya rufe baki da tafin hannu. Matarsa ta ce a yi mata ƙaramin hoton ta rataye a ɗaki, don tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin bakin a rufe ba.