Yaƙin Lurwanu da Baturiyar Cikin Lasifika

Da sunan Allah muke farawa, kafin mu ambaci Injiniya Lurwanu ɗan Tambaya, jikan Ƙosau maƙeri, tattaɓa-kunnen Gwamma wanda aka ce ya taɓa hararar kura. Toron giwa, gagara gasa, ma'abocin takardun shaida uku masu hatimi, wanda ya shekara biyar a jami'a yana koyon yadda sauti ke tafiya babu igiya, ya dawo gida ko hular da ya tafi da ita ba ta shiga kansa.

Asalin fitinar kuwa, kawunsa Barau mai maganin basir da shawara yana da wata lasifika 'yar China da yake talla da ita ran kasuwar Tsamiyar Kwana. Duk sa'ad da aka haɗa ta da waya, ko batir ya yi sanyi, sai wata mata ta yi magana daga ciki da Turancin hanci. Shekara bakwai Barau na ci da iyalinsa a haka, bai kai ƙara wurin kowa ba. Amma da Lurwanu ya ji, sai kishin zuri'a ya motsa, ya miƙe ya daki ƙirji.

"Wallahi Kawu, ko ni ko ita!"

"Ɗan nan, me ta yi maka? Ka bar min kayana."

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Sadaukin ya ɗaura ɗamara, ya zare ƙarfen narka dalma daga kube, ya tara runduna ta wayoyi sirara kamar gashin masara, ya zana taswirar daga a kan wani koren allo da bai kai tafin hannu ba, ya dasa masa baƙar ƙwaƙwalwa mai ƙafafu arba'in, ya yi ta karanta mata umarni ta kwamfuta har ta haddace, sannan ya cusa allon cikin lasifikar. Kwana arba'in ana gumurzu. Hayaƙi ya turnuƙe shago, yatsu uku suka sha ƙuna, ƙwaƙwalwa biyu suka yi shahada saboda an juya musu wuta. Rana ta arba'in da ɗaya Allah Ya kawo fatahi: sauti ya fito tas kamar ruwan rijiya, batir na kwana biyu bai gaji ba, baturiya kuwa an kore ta ko mayafi ba ta ɗauka ba.

"Na Tambaya, ba a ja da kai!" Shi ya yi wa kansa kirarin, don babu wanda ya taya shi.

Ran kasuwa aka yi hawa. Barau ya baza ƙulle-ƙullen magani a tebur, aka kunna lasifika, muryarsa ta kai har kara wurin 'yan awaki. Jama'a suka taru kamar yadda suka saba, suka kasa kunne, suka yi ta jira. Can wani dattijo mai jaki, wanda bai taɓa fashin sayen magani ba, ya yi gyaran murya.

"Malam Barau, ina Hajiyar?"

"Wace Hajiya, Baba?"

"Baturiyar nan da take shaidar maganinka. Ko kun ɓata ne? In dai har ta janye bakinta, to akwai abin da ta gano."

Lurwanu ya hau bayanin igiyar iska da ƙwaƙwalwa, da Turanci rabi da Hausa rabi. Kafin ya kai aya taro ya watse kamar an jefa tsakuwa cikin 'yan tsaki, aka koma wurin Ɗan'azumi kishiyar sana'ar Barau, wanda tasa lasifikar ke da baturiya lafiyayya. Har la'asar ko ƙulli ɗaya bai bar tebur ba. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kasuwa mai zuwa Barau ya sayo sabuwar 'yar China. Da matar ta buɗe baki, dattijo mai jaki ya ce, "Madalla, an shirya," ya sayi ƙulli huɗu.

Koren allon kuwa bai tashi a banza ba, kada a zalunci tarihi. Ƙafar teburin Barau ɗaya ta daɗe da gajarta, da shi aka tokare ta. Har yau bai motsa ba.