Manhajar Da Ta Kunyata Ni a Djougou

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da ranar da aka gayyace ni Djougou in koya wa malaman Islamiyya yadda ake gane manhajar kwamfuta mai aminci ba. Ni sakatare ne a wata makaranta a Zongon Parakou, duk ilimina na kwamfuta kwas ɗin sati biyu ne (rabin sati na biyun ma zazzaɓi ya cinye). Amma a unguwa Injiniya ake ce mini, ban taɓa hana kowa ba.

Na ari kwamfutar shugaban makarantarmu, wadda sakamakon jarabawar ɗalibai duk ke ciki. Aka haska ta a bango, aka jona lasifika. Na sauko da manhajar karatun Alƙur'ani daga shafin farko da na ci karo da shi, na nuna musu.

"Kun ga nan? An rubuta tana da sa hannu. Duk manhaja mai sa hannu, ku rufe ido ku karɓa."

Wani dattijo daga Partago, Malam Sabi, ya ɗaga hannu. "Ɗana, sa hannun wa?"

Na yi murmushin manya. "Baba, wannan sha'anin zamani ne." Na latsa.

Wallahi ƙira'a muke jira, sai kiɗa ya ɓarke. Tallan caca ya cika bango, ga wata baiwar Allah tana rawa da kayan da ba su kai kallabi ba. In rufe ɗaya, uku su buɗe. Malamai sai salati, liman ya rufe fuska da rawani (na lura dai wani ya bar ido ɗaya a waje). Da na rasa dabara, sai na rungume allon kwamfutar da babbar rigata, alhali hoton a bango yake.

Da aka zare wayar wuta, Malam Sabi ya ce a karanta masa sunan mai sa hannun. Wani kamfani ne da ba shi da alaƙa da masu manhajar.

"To ai ɓarawo ma ya iya sa hannu, ɗana," in ji shi.

Ashe manhajar ta hargitsa kwamfutar: kwana uku mai gyara a unguwar Titirou ta Parakou yana fama kafin sakamakon ɗalibai ya dawo, ni kuwa ina ta kewaye ofishin shugaba ta bayan gida.

Yanzu daga shafin masu ita nake sauko da manhaja, in karanta sunan mai sa hannu harafi-harafi. Kuma duk abin da ban gwada a ɗakina ba, ba na gwada shi gaban liman.