Ranar da Na Kira Surukina da Sunansa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Saulawa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Lokacin ina koyarwa a firamare a Ikara, ga sabon aure, ga sabon keke, ina ji kamar ba wanda ya kai ni sanin duniya.

Surukina, mahaifin matata Ladi, ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Da yake ni kaɗai ke jin Turanci a dangin, ni aka ce in raka shi asibiti Zariya. Likita ya duba shi, aka ɗauki hoton ƙirji, sannan ya ce yana zargin wata jijiya da ke kai wa zuciya jini ce ta kumbura, kamar yadda tayar keke ke yin ƙari. A wancan zamanin ba a yin aikin irin wannan a ƙasarmu. Sai ya ba da ƙwayoyi masu tsinka jini, ya ce ban da noma, ban da gishiri, ban da firgita. Ya kuma ja kunnena sosai a kan ƙaho da tsaga, don in aka yanka shi jinin ba zai tsaya ba.

Wannan na ƙarshen shi ya zauna mini a rai (na firgitar kuwa tun a mota na manta da shi). Na san mutanenmu: in ƙirji ya yi nauyi, wanzami ake kira ya ja mataccen jini.

Ran Juma'ar na zo gidansa a Saulawa gaisuwa. Tun daga nesa na hango Baba zaune a tabarma ƙofar zaure, ba riga, dattawa kewaye da shi. Sarkin Aska na tsugunne a bayansa da aska a hannu, zabirarsa a buɗe, ƙahoni a waje.

Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, ni da nake tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, sai ga ni na yar da keke ina gudu ina ihu: “Tanko! Tanko! Kada ka yarda!”

Sunansa na yanka ke nan. Ko matarsa ba ta faɗarsa. Na yi tsalle na riƙe hannun Sarkin Aska, muka zube tare a kan ƙwaryar ruwa.

Na ɗago kai. Sai a lokacin na ga kumfar sabulu, na ga kan Baba rabi tal, rabi da gashi. Askin Juma'a ake yi masa.

Baba ya dafe ƙirji ya runtse ido, yana numfashi sama-sama. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na ce shi ke nan, abin da ciwo bai yi ba ni na yi, da wane baki zan gaya wa Ladi?

Can ya buɗe ido ya dube ni, ina jiƙe sharkaf.

“Malam,” in ji shi, “ai tun da Sarkin Aska ya zo na gaya masa an hana ni ƙaho. Likitan nan ya hana ni gishiri, ya hana ni fartanya, amma ya manta bai hana ni suruki ba.”

Dattawa suka fashe da dariya. Sarkin Aska dai bai yi ba, sai da na bi shi har gida da goro.

Baba ya ƙara wasu shekaru yana shan ƙwayoyinsa, kafin jijiyar ta yi abin da likita ya ji tsoro. Bayan an yi sadakar bakwai surukata ta gaya mini ya sha cewa tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya kira shi Tanko da irin wannan muryar sai ni. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini.

Har yau in na hango wani cikin haɗari ina gudu in je. Sai dai yanzu nakan fara duba ko akwai sabulu a kansa.