Takalmina a Gwanjon Majami'a

Ranar da majami'ar Baptis ta ƙauyensu Malam Bitrus, bakaniken motata, ta cika shekara saba'in, ya gayyace ni. Zai yi mini bayanin tsarin wurin na katse shi: "Haba Malam, ni za a koya wa shiga ɗakin ibada?"

Muna isa na tuɓe sabon takalmina a bakin ƙofa kamar a masallaci, na ajiye kusa da wasu buhunan dawa da kaji. Na shiga ina yi wa masu takalmi kallon marasa tarbiyya.

Ashe kayan nan baiko ne, wato kyautar da masu ibada suka kawo wa majami'a, gwanjonsu za a yi don gyara rufin da kakanninsu suka ɗora. Ana tashi na ji mai gwanjo: "Takalmin fata, daga wani bawan Allah da ya ɓoye sunansa!" Aka ɓarke da tafi. Kunya ta sa na taya su.

Malam Bitrus ne ya saya. Ni kuwa da silifas ɗin banɗakin fasto na koma Rano.

Har yau in ya shigo tasha sai ya miƙo mini ƙafarsa: "Alhaji, bana me za ka tuɓe mana?"