Ranar da Ladingo Ta Nemi Takobi

A wani daji can bayan fadama, inda rani ke da tsawo aikin yi kuma ba yawa, dabbobi na da wani wasa da suke ɗauka da muhimmanci fiye da kiwo. Sunansa Wasan Jarumai. Ana zama huɗu ko biyar a inuwa bayan azahar. Ɗaya ya ja labari, ya faɗi garin da aka shiga ko dodon da aka tarar, sauran kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan a jefa ƙodagon goruba mai lambobi a ga ko ya dace. Jarumin ɗan mutum-mutumin laka ne, da makin ƙarfinsa da na wayonsa a rubuce a ɓawon itace, kuma kowanne sana'arsa ɗaya: mayaƙi, ko mai magani, ko maharbi, ko maroƙi. In jarumi ya mutu a labari, a nan take ake fasa lakar.

Inna Kulu, wata dattijuwar bushiya, shekararta tara tana wasa da jaruma ɗaya, Ladingo mai magani. Da hannunta ta gina ta, ta yi mata ɗan turmi da taɓarya na dakan saiwa, ta raine ta tun daga matakin farko har na bakwai.

Matsala ta zo ne ranar da gwankin da ke da mayaƙin rukuninsu ya bi garkensu arewa neman ciyawa, ya tafi da jaruminsa. Ya bar su labari ya kai cikin kogo, dodo kwance a bakin ƙofa. Waɗanda suka rage su ne Ladingo, da maroƙin wani kurege, da maharbin wata zabuwa wanda kibansa suka ƙare.

Inna Kulu ta dubi Lanti, kurciyar da ke jan labarinsu, ta ce, "Lanti, gwanki ya mance takobin jaruminsa a nan. Ladingo za ta ɗauka."

Lanti ta ce, "Inna, ni labari nake ja, ba ni ke yin doka ba. Mai magani ba ta ɗaukar takobi. In na bari, gobe a ƙwace mini ƙodago. Ki kai maganar Majalisa, ni kuma zan dakatar da dodon har ki dawo."

Majalisar Wasa tana zama a gindin kuka. Shugabanta Malam Barmo ne, gauraka, wanda shi ne kuma magatakarda, shi ne alƙalin ɗaukaka ƙara. Da aka ba Inna Kulu izini ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba sarauta na zo nema ba. Mu uku ne a kogo, ba mai faɗa a cikinmu. Ina roƙo a bar Ladingo ta koyi yaƙi ko da na mataki ɗaya ne, ta haɗa da maganinta, mu samu mu fita. Iyakar maganata ke nan."

Jatau, ɓauna, shugaban masu jarumai mayaƙa, ya miƙe ya ce, "Allah ya ƙara wa shugaba lafiya. Ina ganin girman Inna, sa'ar mahaifiyata ce. Amma yaƙi sana'a ce mai asali. Mu da muka fara da gora, muka sha duka shekara da shekaru kafin a ba mu takobi, yau a ce mai dakan saiwa ta wayi gari ta rataya? To gobe wa zai nemi mayaƙi a rukuninsa? Ba don kaina nake faɗa ba, don na baya nake faɗa."

Tanko, damo, shugaban masu jarumai masu magani, shi ma ya ɗago kai ya ce, "Ni kuma, ranka ya daɗe, tsorona daban. In Ladingo ta ɗauki takobi, a wane layi za ta zauna ranar bikin shekara, namu ko nasu? In nasu ne, mun ragu da ɗaya, kuma kujerunmu biyu a majalisar nan da yawan jama'a aka ba mu. Ina tausaya wa na kogo ƙwarai. Amma a duba wannan."

Malam Barmo ya yaba wa kowa, ya ce magana ce babba, ya naɗa kwamiti. Shi ya shugabance shi, Jatau da Tanko mambobi.

Sati uku kwamitin na zama. Kullum bayan azahar Inna Kulu takan zo ta zauna a gefe da Ladingo a gabanta, tana goge mata ƙura. Kurege da zabuwa kan leƙo su tambaya, ta ce musu ana kai.

Ranar da aka karanta sakamako daji ya cika. Malam Barmo ya gyara murya ya ce, "Majalisa, saboda tausayinta, ta amince jarumi ya haɗa sana'a biyu, bisa sharuɗɗa. Na ɗaya, a sabuwar sana'a daga matakin farko zai fara. Na biyu, zai samu makami amma ban da sulke. Na uku, ba a riƙe takobi da jakar magani a lokaci guda, sai an ajiye ɗaya, kuma ajiyewar tana cin zagaye ɗaya na wasa. Na huɗu, ranar biki zai zauna a layinsa na asali. Na biyar, mai son shiga yaƙi sai ƙarfin jaruminsa ya kai goma sha uku, mai son shiga magani sai wayonsa ya kai goma sha uku."

Aka yi tafi. Jatau ne ya kawo shawarar lambar, kuma ba wanda ya tambaye shi inda ya samo ta. Wayon jaruminsa goma sha uku ne cif. Ƙarfin Ladingo kuwa goma sha biyu.

Inna Kulu ta ce, "Ranka ya daɗe, maki ɗaya ne ya rage. Ina ɗaukaka ƙara."

Malam Barmo ya ce haƙƙinta ne. Ya tashi daga reshen da yake, ya koma na sama, ya ce ta maimaita bayaninta tun daga farko domin kotu ba ta san maganar ba. Ta maimaita. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Na duba hukuncin shugaban majalisa, ban ga kuskure a ciki ba. In an sassauta wa goma sha biyu, goma sha ɗaya ma zai zo. Ki yi haƙuri, Inna."

Kafin sati ya zagayo jarumin Jatau ya zama mayaƙi mai magani, na Tanko ya zama mai magani maroƙi. Na Malam Barmo ya haɗa uku, bayan kotu ta fassara cewa "biyu" a dokar misali ne.

Inna Kulu ta koma inuwarsu. Lanti ta ɗauko ƙodago, ta ce, "Inna, ba zan iya ƙara riƙe dodon nan ba. Ya farka. Me Ladingo za ta yi?"

Inna Kulu ta ce, "Akwai dokar da ta hana mai magani riƙe taɓaryarta?"

"Babu."

"To za ta tsaya gabansa da ita. Ku biyun nan, da kun ga ya juyo kaina ku bi ta bayansa ku fice. Kada wanda ya waiwaya."

Kurege ya ce, "Haba Inna, shekara tara fa!"

Ta ce, "Na fi ka sani. Ba ni ƙodagon."

Jefawa ta farko ta yi kyau, Ladingo ta maka wa dodo taɓarya a hanci, maroƙi ya fice. Ta biyu ma ba laifi, maharbi ya fice. Ta uku ƙodago ya mirgina ya tsaya a kan biyu. Lambar ta yi ƙasa ƙwarai, dodo ya kashe Ladingo. Lanti ta kai baki za ta ɗauki dutsen fasawa, Inna Kulu ta ce, "Bari, ni na gina ta." Ta fasa da kanta, ta tattara gutsattsarin a ganye, ta dunƙule a wurin har la'asar, ba wanda ya iya taɓa ta.

Washegari Majalisa ta aiko tawagar ta'aziyya. Jatau ne ya yi jawabi, ya ce ba don jajircewar Inna ba da har yau ana cikin duhu, ya ƙara da cewa da jaruminsa na kusa da ya ceci Ladingo, tunda yanzu ya iya magani. Malam Barmo ya sanar cewa an yanke shawarar girmama ta.

Tun daga ranar ake kiran sharuɗɗan nan biyar da Dokar Inna Kulu, kuma duk wanda ya ci moriyarsu yana sa mata albarka.