Gwaggo Ta Daina Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu can ƙarƙashin baƙin cikin da ba ya so a ambata, Injiniya Toshe na ofishin zanen gine-gine, hawa na biyu, tebur na jikin bango, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana bakin aiki da jinyar kwana ɗaya da rabi.

Ga wanda bai san su ba, aikin Injiniya shi ne ya gina gini a cikin kwamfuta tun ba a aza bulo ɗaya ba, sannan ya bi shi lungu-lungu yana neman inda sanyi zai sulale waje, zafi ya kutso ciki: ƙasan ƙofa, gefen taga, ramin da bututu ya ratsa. Duk kafar da ya gano sai ya toshe ta, don kada na'urar sanyaya ɗaki ta ƙare ƙarfinta wajen sanyaya titi. Nan ya samo sunansa. Maiɗakinsa ta shaida cewa ko gidan surukai suka je, idonsa na ƙasan ƙofa.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa ƙin aiki ba, sai dai ba ta san gaggawa ba. In aka ba ta lissafi sai ta ce "huuuu", kamar mai hawa bene da kaya a ka, ta yi minti arba'in a haka, sannan ta ce "ƙirrr, ƙit", ta kawo amsa. Iskar ɗumin da ke fita ta gefenta ita ke hana shayin Injiniya hucewa. Da ita ya shafe wata bakwai a kan zanen sabon ɗakin karatu, har suka rage asarar iska zuwa kashi ɗaya cikin uku. Manaja ya riga ya faɗa cewa wanda ya gabatar da aikin ranar Alhamis shi zai jagoranci ginin.

Ciwon ajalinta bai fara a jikinta ba. Ya fara ne ranar da aka kawo wa mutumin bakin taga, wanda duka-duka shekararsa uku a ofis, sabuwar kwamfuta siririya kamar littafin rubutu. Minti huɗu take gama abin da Gwaggo ke yi a arba'in, ko tari ba ta yi. Manaja ya tsaya a kanta yana cewa haka ake son na'ura, tana aiki ba a jin motsinta, sannan ya waiwayo wajen Gwaggo, wadda ta zaɓi daidai wannan lokacin ta ja dogon nishi. Aka yi dariya, har da mai shara.

Injiniya yana so a sani cewa shi ba mai hassada ba ne. Ya dai lura cewa a makon nan sau shida Manaja ya tsaya a teburin can, a nasa ko sau ɗaya. Ya kuma lura cewa taga tana can, kujera mai taya tana can, yanzu ga wannan. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa. Ya durƙusa gaban Gwaggo da salatif da ɗan zaren auduga, yadda yake gwada ƙofofi: duk inda zaren ya motsa, ya liƙe. Gefe, baya, ƙasa, bai bar ko kafar allura ba. Gwaggo ta yi tsit. Ranar nan ya yini yana taku ɗai-ɗai, har ya tambayi mutumin bakin taga ko tasa ce ke 'yar ƙara. Washegari ya ba ta lissafin ƙarshe. Aka fara jin ƙauri kamar an manta dutsen guga a kan riga. Ta ce "ƙit" sau ɗaya, allo ya yi baƙi.

Mai gyaran da aka kira ya ɓare salatif ɗin a hankali, ya daɗe yana kallon Injiniya, ya tambaye shi sana'arsa. Da aka gaya masa sai ya nuna masa kafofin shan iskarta da ya liƙe, ya tattara kayan aikinsa.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, da maus mai ciwon danna-dama, da ƙanwarta firinta, wadda dama ba sa ga maciji. Ta kuma bar ƙwaƙwalwarta, da ɗakin karatun duka a ciki. Na'ura ɗaya ce a ofis za ta iya buɗe shi kafin Alhamis, kuma kowa ya san ta wane ce. Mutumin bakin taga ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta'aziyya cikin ladabi, ladabin da ya fi komai yi wa Injiniya ciwo. Shi ya gabatar, shi aka ba ginin. Ya ambaci sunan Injiniya sau ɗaya, can ƙarshe, ya ƙara da cewa kowane gini yana bukatar inda zai yi numfashi. Ba wanda ya waiwayo, amma Injiniya ya ga kafaɗun mutane suna rawa.

Za a kai marigayiya makwancinta gobe da ƙarfe huɗu, a sito na ƙarƙashin bene. Ana karɓar gaisuwa a tebur na jikin bango. Ana roƙon masu zuwa su bar kwamfutocinsu a inda suke. Mutumin bakin taga yana iya zuwa, amma ya tsaya daga baya. Injiniya ya haɗa kwalin da kansa, bai sa masa salatif ba. Ya huda shi da biro ta kowane gefe, ya kuma roƙi mai sito kada ya jingina ta da bango, a bar mata wuri ta sha iska.