Rasuwar Kyamarata a Gaban Uwar Gardama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haushi a gefe, ni Merle Tackett na garin Gardiner nake sanar da 'yan uwa da abokan zaman jira rasuwar kyamarata, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talatar da ta wuce a gandun dajin Yellowstone, tana bakin aiki.

Marigayiya 'yar zamanin fim ce, baƙa, mai nauyin tsiya. Ta yi mini hidima tun kaina babu furfura. Ba ta da surutu: "ƙyas" ɗaya, sai "zirrr" in an ja fim, shi ke nan. Babu tafkin ruwan zafi da ba ta ɗauka ba, mai shuɗin tsakiya da jan baki, da kore shar, har da taɓon nan mai tafasa kamar talge. Ta shaƙi warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga tafkunan ba ta taɓa yin tsaki ba. Ranar da ɓauna ta zo shinshinar ta, ni na ranta a na kare, ita ta tsaya.

Burinmu ɗaya ni da ita: hoton Uwar Gardama, maɓulɓular ruwan zafin nan da sai ta ga dama take feshi sama, ta yi shekaru shiru, rana ɗaya ta miƙe ta wuce dogayen itatuwa. Tuni na rataye firam fanko a falo yana jiran ta. Kowace bazara muna kan gadar katako a kujerunmu, ni da marigayiya da matata Glenda, tana saƙa tana cewa, "Merle, da ni ka zuba wa ido haka, ai da tuni na yi feshin."

Ga yadda ajali ya zo. Duk mai zaman jira ya san ruwan maɓulɓula in ya bushe a gilashi ya zama dutse, ba ya goguwa, shi ya sa kowa ke yawo da hular wanka ta leda don rufe kyamara. Tamu ɗaya ce. Ranar Talata ƙasa ta yi gurnani, jama'a suka ɗau ihu, Uwar Gardama ta tashi. Ina ɗaga marigayiya sai iska ta juyo kanmu. Glenda, wadda aka gyara wa gashi jiya-jiya, ta ce, "Wayyo gashina! Miƙo hular, tsoho!" Na juya na miƙa, ta kifa a ka. A juyawar nan na ji "ƙyas", ruwa ya sauko mana, ban sake jin muryar marigayiya ba.

Mai gyara a garin Bozeman ya duba, ya ce farar yana ta rufe mata ido, ciki kuma ya sha ruwa. Ya cire hularsa ya ce, "Sai haƙuri, Merle. Amma fim ɗin ya tsira."

Na kai aka wanke. Hoton ƙarshe ya fito tas, amma Uwar Gardama ko ɗigonta babu. Glenda ce, hular leda a karkace, baki buɗe, tana kallon sama tana dariya kamar yarinya. Wani baƙo da ya sauko daga bas a lokacin kuwa ya kwashe feshin duka a waya, har yana tambayata ko kullum haka take yi.

Marigayiya ta bar mariƙinta mai ƙafa uku, wanda tun ranar yake jingine da bango, da jaka, da akwatunan hotuna ɗaki guda. Glenda ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ruwa, ruwa, taɓo, ruwa. Duk zaman da na yi a gefenka, Merle, wannan ne na farko da nake ciki." Abin ya soke ni. Marigayiya kuwa ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ba za a binne ta a gandun ba, tunda ko kwabo doka ta hana a jefa a tafki. Za a kwantar da ita a kan kantar falo ranar Asabar da yamma. Masu ta'aziyya su taho da kujerunsu, akwai kofi da kek ɗin tuffa. Ban da furanni, ban da nuna mini waya. Za ku ga firam ɗin nan ya daina zama fanko. Kada a tambaye ni ina feshin yake, a dai gaishe da matar da ke ciki, ita za ta buɗe muku ƙofa.